Takardar Rantsuwar Barista Tanimu

Duk wanda ya taɓa zuwa kotun majistare ta garinmu neman takarda ya san Malam Tanimu, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shi ne mutumin nan mai farin gilashi da ke zama gindin darbejiya a bakin ƙofa, da teburinsa da aka tokare wa ƙafa ɗaya da bulo, da tsohuwar tafireta wadda ake jin ƙararta tun daga bakin titi. Sana'arsa rubuta wa mutane takardar rantsuwa. Shekara goma sha takwas yana wannan aiki, kuma tun a shekara ta biyu mai shayin wurin da 'yan acaɓa suka laƙaba masa Barista. Da farko wasa ne. Daga baya ya karɓi sunan hannu biyu-biyu, har ta kai in ka ce masa Malam Tanimu sai ya yi kamar da wani kake.

Aikin kuwa ya iya shi, wannan ba mai ƙwace masa. Mai son rage shekaru don neman aikin ɗamara wurinsa yake zuwa, haka mai son ƙara su don tsayawa takarar kansila. Amma inda ya yi suna shi ne takardar ɓatan kaya. Mutum zai zo ya ce an nemi ya kawo shaidar gama firamare, alhali ko tagar aji bai taɓa leƙawa ba. Tanimu ba ya wahalar da shi da tambayoyi. Zai gyara gilashi, ya zura takarda a tafireta, ya yi tambaya ɗaya tak: "Gobara ko ambaliya?" Wadda mutumin ya zaɓa ita ce ta cinye takardar. A shiga da takardar rantsuwar cikin kotu a buga hatimi, shi ke nan magana ta zauna. Yakan gaya wa abokan hirarsa cewa a teburinsa babu wanda ba shi da abu, sai dai wanda abinsa ya ɓata.

Abin da ya tayar masa da neman karatun lauya kuwa, wata Litinin ce wata mata ta shigo harabar kotu da sauri tana kiran Barista. Mutum biyu suka waiwaya. Ɗaya Tanimu, ɗaya kuma wani sabon lauya mai suna Nafi'u, wanda Tanimu da hannunsa ya taɓa zaftare wa shekara uku lokacin yana neman makaranta. Yanzu ga shi cikin baƙar riga, da farar hular gashin nan tasu a hannu. Nafi'u ya yi murmushi irin na ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Baba Tanimu, ni ake nema," in ji shi. "Kai ka bari sai an ce mai tafireta."

Aka yi dariya, har da mai shayi da Tanimu ke zama wurinsa kullum. Ran Tanimu ya ɓaci ƙwarai. Ya miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce su zama shaida, bana zai shiga jami'a ya karanci lauya, in kuwa bai samu shiga ba to daga ranar kada wanda ya sake kiransa Barista, ya yafe sunan. Mai shayi ya ce sun ji, kuma ba za su manta ba. Mutanen bakin kotu ba su da aikin da ya wuce riƙe irin wannan magana.

Abin mamaki, takardar sakandarensa ta gaske ce, ba gobara ba ambaliya. Ya zana jarrabawar share fage ta ƙasa ya haye da ƙyar. Saura guda ɗaya, wadda jami'ar kanta ke yi don tace masu neman shiga: tambaya ɗari, a kwamfuta, kuma mai son sashen lauya sai ya kawo maki sittin. Mako shida ya rage. Tanimu bai jira ba ya kai wa tela baƙin yadi ya ce a fara ɗinka masa rigar lauya, don kada a zo ana gaggawa.

A wannan lokaci ne ya haɗu da Malama Huwaila. Malamar aji biyar ce a firamaren unguwarsu, mai 'ya'ya uku, irin matan nan da ba su da yawan magana amma in suka dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ita ma lauya take nema, kuma ta riga ta haɗa wasu mutum biyu suna bitar karatu tare. Akwai Kofur Isyaku, ɗan sandan da ya gaji da yadda lauyoyi ke wasa da hankalinsa duk ranar da ya shiga akwatin shaida. Akwai kuma Rufa'i mai kemis, wanda ya iya Turanci saboda karanta takardun cikin kwalin magani. Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar suke haɗuwa a ajin Malama, su zauna a bencin yara, gwiwa na dukan tebur.

Tanimu ya shiga cikinsu. Tsarinsu mai sauƙi ne. Darussa huɗu ne a jarrabawar, su ma huɗu ne. Kowa ya ɗauki ɗaya, ya karanta shi sosai, ya tace, ya zo ya koya wa sauran, sannan ya yi musu tambayoyin gwaji. Malama ta ɗauki Adabi, Rufa'i Turanci, Kofur darasin Addini. Kafin a ce wa ya rage, Tanimu ya kai hannu ya janye littafin Gwamnati, wanda ya fi kowanne kauri. Ya ce wannan a bar masa, shi da gwamnati ƙofa ɗaya suke shiga kullum.

"To, Malam Tanimu, Allah ya taimaka," in ji Malama Huwaila.

Kofur da Rufa'i duk Barista suke ce masa. Ita kaɗai ce ta ƙi, kuma ya lura, ya ajiye abin a ransa.

Ranar farko da layi ya zo kansa, sai ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat ya sake maƙalawa, ya ce yana roƙon wannan zama mai albarka ya ɗage sauraron darasinsa zuwa mako mai zuwa, saboda bai daɗe da karɓar takardun ba, yana buƙatar lokaci ya yi nazari. Yadda ya tsara maganar ya burge Kofur har ya tafa. Aka ɗage. Abin da Tanimu ya fi koya a shekara goma sha takwas a bakin kotu ke nan, cewa babu matsalar da ba a iya tura ta mako mai zuwa.

Mako na biyu ya zo da shirinsa, sai dai ba na littafi ba. Ya kwashe awa guda da rabi yana ba su labarin shari'o'in da aka yi a gabansa: rigimar rago tsakanin surukai, da mutumin da ya sayar da fili ɗaya wa mutum huɗu kuma duk huɗun suka zo wurinsa ya rubuta musu cewa takardarsu ta asali ta ɓata. Ya kwaikwayi yadda yake tambayarsu gobara ko ambaliya, Rufa'i ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama, Malama ta tambaye shi, cikin kundayen tsarin mulkin da aka yi zamanin Turawa, wanne ya riga wanne. Tanimu ya ce wannan tambaya ba ta cikin abin da ke gaban zama a yau. Mako na uku kuma aka yi wa ƙanin matarsa haihuwa, ya aiko da uzuri a rubuce, da kwafi biyu.

Ba a darasinsa kaɗai yake wannan ba. Ranar da Rufa'i ya yi musu gwajin Turanci, Tanimu ya ci huɗu cikin ashirin, ya ce bai gamsu da hukuncin ba. Ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kawo dalilin da ya sa amsarsa ma tana da fuska. Malama ta ce masa kwamfuta ba ta sauraron fuska, amsa ɗaya ta sani. Ya ce ai shi ya sa ƙasar ba ta ci gaba.

Gaskiyar magana, ba ƙiwa ce kawai ta hana shi karatun ba, tsoro ne. Ya buɗe littafin a teburinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Rubutun ƙanana ne, shekaru da sunaye sun cika shi, kuma ya duba gaba ya duba baya bai ga ko abu ɗaya da ya sani ba. Babu takardar rantsuwa a ciki, babu ɗage zama. Mutumin da gari guda ke kira Barista ya gano cewa abin da ya sani na shari'a bai wuce daga gindin darbejiya zuwa tagar mai hatimi ba. Wannan ya tsaya masa a rai, kuma ba abin da zai iya faɗa wa malamar firamare da ɗan sanda da mai kemis ba ne. Sai ya rufe littafin ya ɗora tafireta a kai, ya ga ma ta fi zama daidai.

A mako na huɗu Malama Huwaila ta daina zagaye-zagaye. Ta ce saura mako biyu, tambaya ashirin da biyar za su fito daga darasin da ke hannunsa, kuma su ukun sun dogara da shi ba su taɓa littafin ba. Ta ce in abin ya yi masa yawa ya faɗa, ba abin kunya ba ne, a raba shi huɗu kowa ya ɗauki kashi.

"Na karanta shi tas," in ji Tanimu.

"Ban yarda ba, Malam Tanimu."

Ta faɗe shi ne a hankali, tana jera alli a cikin gwangwani. Shi kuwa ji ya yi kamar ta mare shi. Amma a duniyar da ya sani, in aka ƙi yarda da maganar mutum, magani ɗaya ne, kuma a teburinsa ake sayar da shi.

Washegari Lahadi ya shigo aji da farin ambulan. Ya jira kowa ya zauna, ya zaro takarda, ya gyara gilashi, ya karanta da muryar da yake ji magatakarda na yi:

"Ni, Tanimu Barau, namiji, baligi, Musulmi, ɗan ƙasa, na rantse kamar haka. Ɗaya, ni ne mai wannan suna. Biyu, na karanta littafin Gwamnati tun daga bangon farko har na ƙarshe. Uku, na fahimce shi. Huɗu, na yi wannan rantsuwa da zuciya ɗaya, ba wanda ya tilasta ni."

A ƙasa ga sa hannu, ga jan hatimi, wanda ya sa aka buga masa tun ranar Juma'a, don ya daɗe da hango cewa za a zo nan. Rantsuwar ba ta dame shi ba. A ganinsa duk rantsuwar da ba a dafa Alƙur'ani ba ta gwamnati ce, ba ta kama mutum. Ya ƙara da cewa daga yanzu wanda ya ce bai karanta ba, ba da shi yake ja ba, da hatimi yake. Kofur Isyaku ya karɓi takardar ya ɗaga ta a hasken taga, ya ce shi dai a wurin aikinsu da irin wannan suke aiki kullum, ba shi da ta cewa.

Malama Huwaila ta karanta ta sau ɗaya, ta ninke huɗu, ta jefa a jaka. Ta ce an karɓa. Ba ta yi masa ko tambaya ɗaya ba. Tanimu ya koma gida ranar yana jin ya ci shari'arsa ta farko.

Abin da ta yi kuwa, aron wani littafin ta samo. Tsakanin gyaran aikin ɗalibai da girki da wanki, ta bi shi shafi-shafi cikin kwana shida, ta tace shi a littafin rubutu na yara mai shafi arba'in, da jan biro a ƙarƙashin duk shekarar da ake yawan tambaya. Ta kai aka yi kwafi uku. Ranar Asabar ta miƙa wa Kofur ɗaya, Rufa'i ɗaya, ta miƙa wa Tanimu na ukun.

Nan fa mutumin ya shiga tsaka mai wuya. Idonsa na kan takardun, yana ganin yadda ta jera komai dalla-dalla, irin abin da ko shi zai iya haddacewa a mako guda. Ransa na so ƙwarai. Amma ya san doka: wanda ya rantse ya karanta littafi ya fahimta, in ya miƙa hannu ya karɓi taƙaitawar wani, ya ƙaryata takardarsa da kansa, kuma a gaban ɗan sanda. Sai ya tura mata abinta da yatsa biyu, ya ce ta ba mabuƙata.

Haka aka yi zama huɗu na ƙarshe. Malama na gaban allo tana koyar da darasinsa, Kofur da Rufa'i na rubutu kamar hannunsu zai tsinke, shi kuwa ya harɗe hannu a ƙirji yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne, kamar wanda aka turo duba malamai. Ko biro bai fitar ba, tunda wanda ya riga ya sani ba ya rubutu. Sau ɗaya ya je kemis ɗin Rufa'i da niyyar ya ari kwafinsa a ɓoye. Ya tarar da mutane a shagon, ɗaya ya ce sannu da zuwa Barista, sai ya sayi maganin mura ya fito.

Ranar jarrabawa suka ɗauki mota ɗaya da sassafe zuwa birnin da jami'ar take. Sauran ukun na ta yi wa juna tambayoyi a hanya, Tanimu na gaba kusa da direba cikin baƙar kwat, yana ba shi shawara kan wata rigimar gado. A zauren jarrabawa ya zauna gaban kwamfuta da ƙwarin gwiwa, don a ganinsa ƙanwar tafireta ce. Ya fara dukan maɓallan da irin ƙarfin da ya saba, sai da mai sa ido ya zo ya roƙe shi ya sassauta. Tambayoyi suka fara fitowa, kowace da amsa huɗu a ƙasa, a zaɓi ɗaya. Ya nemi inda mutum zai yi bayani, babu. Da aka iso na Gwamnati ya gane wasu kalmomi, ya tuna ya gan su a allo a bayan kan Malama lokacin da yake gyaɗa kai, amma abin da ta ce a kansu ya bi iska. Can ya ɗaga hannu, ya gaya wa mai sa ido cikin ladabi cewa yana neman a ɗage masa zuwa wani lokaci saboda wasu dalilai. Mutumin ya nuna masa agogon da ke ƙirga mintuna a saman allon kwamfutar, ya wuce.

Bayan kwana uku sakamako ya shigo wayar kowa. Suka haɗu a aji kamar yadda suka saba. Malama Huwaila ta samu saba'in da huɗu. Kofur sittin da uku, yana ta murmushi shi kaɗai, da alama ya fara lissafa lauyoyin da zai rama wa. Rufa'i ya tsallake da sittin da ɗaya, ya ce wallahi jan biron Malama ne ya fitar da shi. Aka juyo ga Tanimu. Ya daɗe yana goge gilashi kafin ya ajiye wayar a tebur. Talatin da ɗaya.

Da farko ya ce kwamfutar ce ta yi kuskure, tun da ya zauna ya ga tana ƙifta ido. Ya ce zai ɗaukaka ƙara. Kofur ya ce masa a wannan harka babu kotun sama. Ya ce to zai rubuta takardar koke, Rufa'i ya tambaye shi wa zai kai wa. Tanimu ya tuna mai shayi da ya ce ba za su manta ba. Ya tuna Nafi'u, da rigar da ke rataye a shagon tela an gama har da guga. Gobe Litinin, dole ya koma gindin darbejiya, kuma ya san kafin ya ajiye tafireta wani zai ƙwala masa kira da sabon sunan. Karo na farko tun da suka fara zama, ya yi magana ba da muryar kotu ba.

"Malama, ke kika san kan abin nan. Sittin suke nema, ni kuwa talatin da ɗaya gare ni. Ashirin da taran nan, don Allah ina mutum zai samo su?"

Malama Huwaila ta buɗe jaka, ta lalubo takardar nan mai jan hatimi, ta warware ta, ta shafe ninkin da tafin hannu, ta ajiye masa a gaba.

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne a wurinka, Barista," in ji ta. "Ka rubuta cewa kana da su, ɓata suka yi. Gobara ko ambaliya?"